Ikko ko Fatakwal, da Goran Baba Gambo

Samarin da ke lodi a tashar Gashuwa yanzu, in suka ji an ce sana'ata a da rakiyar kifi ce, dariya suke yi. Wani cikinsu ya ce da ni kwanan baya, "Baba Sale, ashe har biyan ku ake yi ku hau mota ku miƙe ƙafa a kan kwali har Kurmi?" Ban ji haushi ba. Wanda yake tsaye a ƙasa, haka abin yake masa kama. Amma tunda Allah ya sa na yi firamare har aji bakwai, hannuna kuma bai fara rawa ba tukuna, bari in rubuta muku yadda aikin yake, da kuskuren da na taɓa yi a cikinsa.

Aikin farko da aka ba ni a Nguru ne, bayan tashar jirgin ƙasa, a hannun wani dattijo Babarbare da ake kira Ba Modu. Kwali sittin na banda, wato kifin da aka ƙyafe da hayaƙi, aka jibge a gabana. Ya miƙo mini basilla da zaren buhu ya ce in ɗinke bakinsu. Kafin azahar na gama, na zo ina jin kaina. Ba Modu ya taso. Ya bi kwalayen ɗaya bayan ɗaya, yana ɗagawa yana girgizawa kusa da kunnensa, har ya ware guda tara.

"Farke waɗannan," in ji shi.

Na farke. Ƙwaro ya cinye naman ya bar fata, kana taɓawa sai gari.

"To, kifi ka ɗinke ko ƙwaro? Kwali ɗaya irin wannan, kafin Ikko ya raba wa maƙwabtansa duka."

Ran nan na koyi cewa da kunne ake fara duba banda. Mai lafiya ƙwaras-ƙwaras yake yi kamar busassun ƙirare. Wanda ƙwaro ya shiga kuwa, sai ka ji kamar ana zuba yashi.

Shekara uku na yi a bayan Ba Modu. Shi ya nuna mini tarwaɗa ake sawa a ƙasa don tana da jimiri, karfasa a sama don ba ta son danni. Shi ya nuna mini da zarar an tsallake babban kogi an shiga ƙasar ruwan sama, tamfol ba ya hutawa: hadari ya taso ka rufe, rana ta fito ka buɗe, in ka yi kasala kifi ya yi gumi ya yi fumfuna, mai kaya ya yi asara, sunanka ya ɓaci daga Nguru har Geidam. Ya koya mini in an tsayar da mota a shinge kada in riga kowa magana, kada kuma hannuna ya je kusa da ƙuguna, inda lalitar kuɗi take. Doka mafi girma kuwa ita ce, idon ɗan rakiya ba ya barin kaya har sai an sayar da kwali na ƙarshe an ɗaure kuɗin. A gindin kaya kake salla, a kan kaya kake cin abinci. Saboda haka na je Ikko ya fi sau talatin, Fatakwal ya fi sau ashirin, amma abin da na sani a garuruwan nan bai wuce kasuwar kifi da masaukinmu da masallacin da ya fi kusa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kayan aikina ba su da yawa. Basilla biyu, don ɗaya tana iya karyewa. Zaren buhu, da wani jan zare da nake yin ɗinki uku da shi a kusurwar kowane kwali, yadda in an buɗe a bayan idona zan gane. Alli, tamfol, buta, lalita, ɗan littafi da fensir. Ni mutum ne mai ƙirga kaya sau uku, in kuma duk ukun suka zo daidai sai in fara tunanin ko kuskure ɗaya na maimaita sau uku. Direbobi suka sa mini suna Sale Tantama. Ya bi ni, na kuwa amsa, don masu kifi saboda wannan halin suke nemana.

Akwai kuma wata ƙaramar jaka ta fata cike da ƙwallon dabino. Tunda an san ina yawan zuwa Kurmi, duk mai niyyar tafiya sai ya zo ya tambaye ni nawa za ta ci. Yawancinsu ba sa karanta lamba, in na rubuta a littafi sai su ga kamar ina ɓoye wani abu. Sai in ja layi a ƙasa, in riƙa ajiye ƙwallo, kowane ɗaya naira biyar a kuɗin lokacin. Mutane kuɗin mota kawai suke tambaya, alhali shi ne mai sauƙin sani. Abinci fa? Dako fa? Masauki fa? Masaukin nan shi ne babba. A Kurmi kowane ɗan kasuwarmu yana da fatoma, wato maigidan da yake sauke shi, ya ba shi ɗaki da tuwo kyauta, ya nemo masa masu saye, shi kuma ya ci la'adarsa a kan kayan. Wanda ya zo da kaya baƙon fatoma ne. Wanda ya zo hannu sake, ba za a kore shi ba, amma shi kansa ya san nauyi ya zama, dole ya ajiye wani abu.

A shekara ta biyu ta babban farin nan, lokacin muna cikin jihar Barno, kogi bai zo ba. Fadamun da ake kamun kifi suka tsage, har awaki ke kiwo inda ake jefa taru. Masunta da yawa suka tattara suka tafi Tafkin Chadi. Ni da nake fita da kaya sau biyu a wata, na yi wata uku ban hau mota ba. Sai daga baya Hajiya Yagana, wadda na fi yi wa rakiya, ta sayo kwali arba'in daga Baga ta ce in kai mata Fatakwal.

Ina cikin ɗinkin kwalayen nan a ƙofar shagonta wani tsoho ya yi sallama. Baba Gambo ne, masunci daga Dagona, wanda na sha sayen kifi a hannunsa. Yanar ido ta riga ta rufe masa na hagu, ta fara taɓa na dama. A bayansa ya goyo wani ƙaton gora, irin wanda masuntanmu suke kifa ciki a kai su bi ruwa da homa, ragar kamun kifi, a hannu.

"Sale, an ce kai ne ka san kuɗin ko'ina."

"Wanda na sani dai, Baba."

"Na sayar da kwalekwalena ga masu tafiya Chadi. Ruwan da zan sa shi babu, idon da zan tuƙa shi ma yana tafiya. Tun ina yaro nake jin wai akwai ruwan da ba shi da tsallake. Ina so in gan shi kafin ɗayan ma ya rufe. Wasu sun ce Ikko, wasu sun ce Fatakwal. Wanne kuɗina zai kai ni ya dawo da ni?"

Ya kwance bakin zani ya nuna mini. Na ƙirga sau uku, ƙwallo talatin ke nan cif.

Na share ƙasa na ja layi biyu. Na fara da Ikko. Mota zuwa Nguru, jirgin ƙasa zuwa Kano, daga nan har Ikko, zuwa da dawowa. Abincin hanya. Ba ni da kayan Ikko a watan, don haka shi kaɗai zai tafi, hannu sake, dole a ajiye na masauki, da na wanda zai riƙe hannunsa ya shiga motocin garin da shi har bakin ruwa. Na ɗaga kai na dubi goran.

"Wannan ma za shi?"

"Shekararsa ashirin yana ɗauke da ni. Ni zan ga babban ruwa in bar shi a rataye?"

"A jirgi sai an biya masa kuɗin kaya, Baba. Ba nauyi gare shi ba, amma ya ci wurin mutum."

"To, ai mutum ne. Sa masa."

Na sa masa biyu. Layin Ikko ya tashi ƙwallo ashirin da takwas.

Sai na koma layin Fatakwal. Nan motar kifi za mu hau tare, abin da za a ba direba kaɗan ne, gora kuma a kan tamfol zai zauna ba ko kwabo. Motar za ta yi lodin manja ta dawo da mu. Masauki kuwa, tunda da kwali arba'in za mu shiga, Baba baƙon fatoma ne kamar ni, goro kawai za mu kai. Na sa abinci, na sa tsaraba. Ƙwallo goma sha bakwai.

Baba Gambo ya sunkuya ya shafa layukan biyu da hannu. "Duk biyun akwai tekun?"

"Akwai," na ce. "Na Fatakwal ma daga ƙofar rumbun fatoma kana ganin sa. Na ga manyan jiragen Turawa a kansa, ruwan da gishiri."

"Kai wanne ka gani?"

Gaskiya talatin ɗinsa ta isa Ikko. Amma saura biyu kacal, ni kuwa tafiyar da rararta biyu ce ba ta barina in ci abinci. Mota ta lalace fa? Zazzaɓi fa? Na ce Fatakwal. Ya yi murna ƙwarai. Ya ware ƙwallo goma ya ce na geron gidan 'yarsa ne, tunda shekarar ta zo a haka, ya taho da ashirin. Direba kuma ya karɓi nasa na zuwa da dawowa tun a Gashuwa.

Tafiyar ta yi kyau. Muka bi ta Fataskum da Bauchi da Jos, Baba yana zaune a kan tarwaɗa ya rungume goransa, duk inda aka tsaya mutane sai sun taru suna tambayar ko na sayarwa ne. Da muka hau gadar Makurɗi ya dafa kafaɗata.

"Shi ne wannan?"

"A'a, Baba, Binuwai ne."

"Na dai ce. Ga mata can suna wanki a tsallake."

Ran Litinin da la'asar muka sauka a rumbun fatomana, Alhaji Inuwa, mutumin Hadeja da ya yi shekara ashirin da wani abu a Fatakwal. Sai da aka sauke kaya na ƙirga, na duba jan zarena kwali-kwali, sannan na ja Baba zuwa bakin ƙofa in nuna masa. Muka tarar da taɓo baƙi ƙirin, kwalekwale suna kwance a kai, ƙaguwa na yawo.

"Nan ma farin ya iso?" in ji Baba.

"Ja baya ya yi. Sau biyu yake tafiya ya dawo kowace rana. Bari gobe."

"Sau biyu a rana! Namu shekara biyu muna roƙo bai zo sau ɗaya ba."

Washegari da hantsi ruwa ya cika har gindin matakala. Ina tsaye a ƙofa, ido ɗaya a kan kwalaye, ɗaya a kansa. Ya sauka ya ɗebo da tafin hannu ya ɗanɗana ya tofar. Ya rufe mataccen idon da hannu, ya daɗe yana kallo. Sannan ya hawo a hankali.

"Sale, mene ne wancan baƙin layin?"

"Itatuwa ne, Baba."

"A kan me suke tsaye?"

"A kan ƙasa," na ce.

"Ɗan nan, wannan kogi ne aka zuba wa gishiri. Ga tsallake can, ni mai rabin ido ma na gan shi. Da gorana kafin azahar na taɓa shi na dawo."

Bai ɗaga murya ba. Ya je ya zauna a kan benci ya ajiye goran tsakanin ƙafafunsa.

Alhaji Inuwa, da ya ji abin da ake ciki, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Tantama! Shekara nawa kana zuwa garin nan? Wannan ai hanyar teku ce, ba tekun ba. Teku sai Boni. Jirgi mai inji ake shiga da sassafe, a bi ruwan nan har inda ya ƙare, a dawo da yamma. Da Ikko kuka je, motar gari ce za ta ajiye ku a kan yashinsa."

Na zauna na zazzage jakata a kan siminti. Jirgin ranar ya riga ya tafi, sai na Laraba. Ranar Laraba kuma da hantsi motarmu za ta tashi da manjanta, direba ba zai jira kowa ba, abin da ya karɓa kuma ya karɓa. Jirgi zuwa da dawowa, mutum biyu da gora, ƙwallo biyar. Wata motar da za ta mai da mu gida, bakwai. Goma sha biyu ke nan. Rarar Baba uku ce. Goman da za ta fitar da shi tana Dagona ta zama gero, kuma da bakina ta zama.

"Ga kuɗin Hajiya a ƙugunka," in ji Alhaji Inuwa, don a ranar an sayar da kwali ashirin da takwas. "Taɓa kaɗan, in ka koma ka yi mata bayani. Mace ce mai fahimta."

"Alhaji, ko kunce lalitar nan ba na yi sai a gabanta."

"To, a haɗa shi da wani ya kai shi."

"Wa? Mutumin da ba ya gani sosai, ba ya jin yarensu, a cikin jirgi? In ya faɗa ruwa me zan ce a Dagona?"

"Masunci ne fa, Tantama. Kai ne abin tsoro a ruwa, ba shi ba."

Ladana na rakiya ƙwallo goma ne, Hajiya takan ba ni tun a gida. A wannan karon na taho da shi a aljihun ciki don in sayi manja in kai Gashuwa in sayar, abin da iyalina za su ɗan ji daɗi da shi bayan wata uku ba aiki. Na fito da shi na ajiye tara a kan layi. Wannan bai yi mini wuya kamar ɗayan ba. Saura kwali goma sha biyu a rumbu, wata mata daga Aba za ta zo ta saya ran Laraba da safe, daidai lokacin da jirgi zai tashi. Tun ranar da Ba Modu ya miƙo mini basilla ban taɓa barin kaya ba.

Baba Gambo ya ce, "Bar shi, Sale. Na ga Binuwai, na ga ruwa mai tafiya ya dawo. Mu koma da motarmu."

"Ba abin da ka tambaye ni ke nan ba, Baba. Ruwa marar tsallake ka ce, na ji da kunnena, na tsaya ina ƙirga kuɗin masauki."

Da asubar Laraba na ƙirga kwalayen sau uku a gaban Alhaji Inuwa. Na rubuta masa farashin da kada ya sauka ƙasa da shi, na karanta masa, na sa ya maimaita. Na kai bakin matakala na dawo na sake duba jan zare.

"Wallahi in ka sake dawowa zan ɗinke ka a kwali in sayar wa matar nan," in ji shi.

Jirgin ya bi ta cikin wasu itatuwa masu saiwa a waje kamar ƙafafun gizo. Ni ina riƙe da katako da hannu biyu, zuciyata tana rumbu. Baba kuwa hira yake da mai jirgin, wannan da Hausa da Badancin garinsu, wancan da yarensa, suna nuna wa juna ruwa da yatsa suna gyaɗa kai. Ruwan yana ta faɗi, amma duk inda Baba ya duba sai ya ce, "Da saura. Ga tsallake can."

A Boni muka sami wani mai shayi ɗan Katagum, ya bar wa maƙwabcinsa tebur ya ce zai kai mu. Muka yi tafiya mai ɗan nisa a ƙasa, cikin itatuwan kwakwa. Can sai muka fara jin wani ruri.

"Wace irin mota ce wannan?" in ji Baba.

"Ba mota ba ce, Baba," in ji mai shayi. "Shi ne."

Muka hau wani tudun yashi, sai ga shi.

Baba Gambo ya sauke goran. Ya rufe idon hagu, ya fara daga hannun dama yana juya kai sannu sannu har hagu, ya sake dawowa.

"Sale, idonka ya fi nawa. Duba da kyau. Akwai tsallake?"

Na duba sau uku, kamar yadda na saba. Ruwa ne kawai, har inda ya haɗu da sama.

"Babu, Baba."

"Ka tabbata? Kai da ba ka taɓa tabbatar da komai ba?"

"Wannan na tabbata."

Ya ce, "Allahu akbar." Ya tuɓe riga ya miƙo mini, ya ɗauki goransa.

Na roƙe shi, bai ko waiwayo ba. Ya shiga har gwiwa, ya kifa ciki a kan gora kamar yadda yake yi a fadamar Dagona. Igiyar ruwa ta taso ta ɗauke shi da goran ta watso su kan yashi, shi gabas gora yamma. Ya tashi ya sake, ta sake watso shi. Wasu masuntan wurin da ke gyaran taru suka ajiye aiki suna dariya. Da aka yi na uku, biyu daga cikinsu suka taso. Ɗaya ya ƙwanƙwasa goran ya saurara, ya ɗaga wa Baba babban yatsa. Suka nuna masa da hannu ya jira, a bar babbar ta fashe tukuna, a bi bayanta. Suka kama goran dama da hagu suka shiga da shi.

Suka wuce inda ruwan yake fashewa. Daga nan sai suka sake shi. Ina tsaye da rigarsa a hannu, ina ganin farin kansa ya hau ya ɓace, ya hau ya ɓace, kowane ɓacewa sai na ce shi ke nan. Ban san minti nawa ba ne, ni dai na karanta duk abin da na haddace. Da suka fito da shi yana tari yana dariya, ruwa na zuba daga gemunsa.

"Gishirin ya yi yawa," in ji shi. "Amma ya ɗauke ni, Sale. Ya ɗauke mu mu biyu."

Da yamma muka koma rumbu. Kwalaye babu, Alhaji Inuwa ya miƙo mini kuɗin, na ƙirga, na ga sun haura abin da na rubuta masa. Na sake ƙirgawa.

"Daidai ne," in ji shi. "Kullum in kana tsaye da fuskar nan taka kamar an aiko maka da rasuwa, masu saye sai su ɗauka kifin ne ke da matsala. Yau da ba ka nan matar ba ta ko ja ba. Ka riƙa zuwa Boni duk zuwa."

Ban sake zuwa ba. Amma tun daga ranar, duk wanda ya zo in yi masa lissafin tafiya, ba na kunce jaka sai na tambaye shi abin da za shi gani ko za shi yi, ya faɗa, in maimaita masa. In wurin ban taɓa taka shi da ƙafata ba, sai in ce ban sani ba, mu je mu tambayi wanda ya taka. Ruwa ya dawo bayan shekarun nan, kifi ya dawo, na yi wata shekara goma sha ina rakiya, na gina gidan da nake ciki, ban taɓa ɓatar da kwalin kowa ba. Alhamdu lillahi, sana'ar ta riƙe ni. Idon Baba Gambo na dama ya rufe da damina ta gaba. An ce har ya rasu, in yara suka yi gardamar ruwa a Dagona, wurinsa ake zuwa a raba.

Motar shanu muka samu ta dawowa, wadda ta sauke kaya za ta koma Arewa ba komai. Muka shimfiɗa tamfol a kan ciyawa. Bayan mun wuce Inugu na fito da jakata, na jera ƙwallaye a kan tamfol, goma sha bakwai da goma sha biyu. Baba ya ji ƙararsu.

"Me kake ƙirgawa kuma? Kaya sun ƙare."

"Ashirin da tara, Baba. Ikko ashirin da takwas ce. Hanyar da na ce maka ta fi araha ta fi tsada da ƙwallo ɗaya."

"Da na bi ta Ikko, da wa zan tafi?"

"Kai kaɗai."

"Mutum nawa za su ga teku?"

"Ɗaya."

"A nan fa? Ko rufe ido ka yi?"

"Ban rufe ba."

"To, kai da ka yi makaranta, raba ashirin da taran nan biyu, ka gaya mini wadda ta fi araha."

Na raba su gida biyu a kan tamfol, goma sha huɗu nan, goma sha huɗu can, ɗaya ya rage a tsakiya. Na juya shi, na rasa gefen da zan sa shi. Har na ciro basilla in gwada tsaga shi.

Baba Gambo ya lalubo hannuna, ya karɓe ƙwallon, ya jefa shi cikin bakin goran. Muka ji ya yi ƙwal a ciki.

"Mu uku muka je," in ji shi. "Wannan nasa ne."